Motar Babana Marar Murfin Tanki

Shekarun baya, a daminar da na gama kwalejin horon malamai ina zaune gida a Tambuwal ina jiran a tura ni aiki, mahaifina ya sayi mota. Ku da kuka saba karanta ni kun san ba ruwana da harkar ƙarfe. Ko sunayen motoci ban iya ba, da kala nake gane su. Amma wannan motar saura ƙiris ta raba mahaifina da yayansa, alhali su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shi ya sa na daɗe ina son in ba ku labarinta.

Mahaifina ma'aikacin lafiya ne. Tun kafin a haife ni yake hawa babur yana zagaya ƙauyuka da akwatin allurar rigakafi a bayansa, har ƙugunsa ya fara yi masa gardama. Mahaifiyata, wadda malamar firamare ce, ita ta dage sai ya nemi abin hawa mai rufi. Sai dai albashi bai kai can ba, dole aka waiwayi shanu.

Shanunmu suna Fakku, garin da aka haifi mahaifina, a hannun yayansa da muke kira Baffa. Tun da kakata ta rasu ba a taɓa raba su ba. Kowa ya san tasa, amma garke ɗaya suke, turke ɗaya, rijiya ɗaya. Baffa ke noma yana kiwo, mahaifina ke aika magani da gishiri. Haka suka yi zamansu. Da mahaifina ya je ya ce zai sayar da wata farar saniya da bijimi guda, ina wurin, na ji abin da Baffa ya ce masa. Likita yake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Likita, saniyag ga da kaka son saidawa, jikar saniyar Inna ta. Kowace shekara tana ba mu maraƙi. Ƙarfen ga da kaka son saye, mi zai haifa maka? To je ka. Ran da yat tsaya maka cikin daji, ka tuna da maganata."

Mahaifina ba ya mayar wa yayansa magana. Amma ya sayar.

Motar ta iso daga Kwatano, ruwan toka, tana ƙamshin ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Ranar farko da muka kai ta gidan mai, mahaifina ya danna 'yar ƙofar da ke gefe, ta buɗe, ya miƙa hannu zai murɗe murfin tanki, sai hannunsa ya kama iska. Babu murfi. Ya leƙa, ya duba ƙasa, ya dube ni.

"Uwata, an cuce mu. Sun cire murfin."

Sunan kakata gare ni, shi ya sa daga shi har Baffa ba mai kama sunana, Uwata suke ce mini.

Mai zuba man ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba a cuce ka ba, haka irinsu ke zuwa yanzu." Ya tura bakin famfo ciki, mai ya wuce lafiya lau. Da muka koma gida na ɗauki waya na zauna bincike kamar wadda za ta rubuta jarrabawa. Na gano ashe murfin yana can ciki, wani ɗan faifai ne mai sifirin, bakin famfo ke tura shi ya buɗe, in an zare ya koma ya rufe kansa. Na gano akwai wani farin mazurari na roba da aka ɓoye kusa da safayar taya, wanda da shi kaɗai ake zuba mai daga jarka. Na fito da shi ina ɗagawa sama kamar na tono zinariya. Daga ranar na zama malamar tanki a gidanmu. Duk baƙon da ya zo ganin mota sai na yi masa darasi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Mahaifiyata ce kaɗai darasin bai burge ba. Ta sa ɗan yatsa ta danna ƙofar alhali motar na kulle, ta buɗe.

"Ke nan duk wanda ya zo wucewa zai iya buɗewa?"

"Mama, zamani ne. Kuma wa zai yi mana haka?"

"Ban ce wani zai yi ba. Na dai ce ko kajina ina rufe musu akurki."

Gaskiya na karanta hakan a cikin binciken nawa, cewa wasu daga irin waɗannan motoci ƙofarsu ta waje ba ta da makulli, kuma in aka tura wa faifan abin da ba nasa ba da ƙarfi yana iya lanƙwashewa ya daina rufuwa. Na gani, na tsallake, don bai dace da waƙar yabon da nake rera wa motar ba.

A tsakiyar damina aka yi wa Baffa jika, muka shirya zuwa suna. Hanyar Kebbe a lokacin ruwa sai wanda ya bi ta. A wani ƙauye muka tsaya wurin 'yan bumburutu don ƙara mai, mazurarinsu na ƙarfe ya ƙi shiga, mai sayarwar ya zaro sukudireba zai zungura. Na diro daga mota ina "Tsaya, malam, tsaya!" na kawo farin mazurarina. Ya bi ni da kallo ya ce wa mahaifina, "Alhaji, ɗiyag ga injiniya ta?" Na ji daɗin maganar har muka isa Fakku.

Mun ajiye motar a ƙofar zauren Baffa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Mutane suka kewaye ta, ana shafawa ana sa albarka. Baffa ya fito ya tarbe mu, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Tambuwal ɗaya bayan ɗaya, duk yana ba motar baya. Ko sau ɗaya bai ce Allah ya sanya alheri ba. Na ga fuskar mahaifina ta ɗan faɗi, sannan ya gyara ta.

Da la'asar na tara 'yan'uwana mata na buɗe makaranta. Na danna ƙofar tanki, ta buɗe, suka ce "Kai!" Na rufe, na sake dannawa. Baffa na can nesa kan buzunsa yana jan carbi, kansa a sunkuye. Ban ko yi tunanin in kira shi ya gani ba. A raina na ce mutumin da ya ƙi kallon mota, me zai yi da bayanin faifai?

Kwana biyu muka yi. Ranar da za mu dawo an wayi gari da ruwa, ya ɗauke da hantsi, muka kama hanya bayan azahar. Ba mu yi nisa ba wani ruwan ya sake saukowa kamar da bakin ƙwarya, muka ratsa wurare biyu da ruwa ya hau hanya har yana marin ƙofofi. Mun wuce Kebbe da kaɗan motar ta fara tari. Ta yi tsalle biyu, ta yi shiru. Dama da hagu gero ne ya fi mutum tsawo, ba gida ba bukka. Mahaifina ya murɗa makulli har ya gaji, sannan ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari ya zuba wa gilashi ido. Na san mu uku, har da mahaifiyata, maganar mutum ɗaya muke ji a kunnuwanmu. Sai dab da magariba wata akori-kura ta ja mu zuwa Tambuwal.

Washegari na bi mahaifina gareji. Makaniken ya sauke tanki, ya juye abin da ke ciki a wani baho, ya kira mu. Ruwa ya kwanta a ƙasan man. A samansa wasu 'yan ɓarɓashi na yawo kamar dusa, ga zare-zaren tsumma sun toshe matatar famfon mai. Ya haska bakin tankin da tocila, muka ga faifan nan da nake alfahari da shi ya karkace, ya bar kafa.

"Alhaji, wanga ba aikin hanya ba na. Hannu na. Wani ya cusa abu nan da ƙarfi, har da duka. Ruwan ko ta kafag ga yas shiga. Ina kunka kwana?"

Mahaifina ya sunkuya yana kallon bahon.

"Motocin ga marasa murfi, matsalassu ke nan," in ji makaniken yana goge hannu. "Ba makulli. Mai ƙin ka ba shi buƙatar komi sai ɗan yatsa da minti guda."

Mahaifina ba mai faɗa ba ne, kuma da ma ya yi faɗan da ya fi mana sauƙi. Shiru ya yi. Ya daina sauraron rediyo da safe. In Baffa ya bugo waya yana jajanta lalacewar mota, sai ka ji "Lafiya lau. Mun gode. To. To," ya kashe. Sau ɗaya kawai na ji ya ce wa mahaifiyata, yana juya koko a kofi bai sha ba, "Ya ce za ta tsaya cikin daji. Ta kuwa tsaya. A ƙofar gidansa ta kwana, ba wanda ya isa ya taɓa abu a ƙofar gidan nan bai sani ba."

Bayan mako guda ya sanar da mu ya samu wani makiyayi a Sanyinna da zai riƙe masa shanunsa. Ya riga ya aika wa Baffa. Ranar Asabar mai zuwa za a je a ware nasa daga garke.

Wanda bai taso cikinmu ba zai ce ai dabbobi ne kawai za a canza wa wurin kwana. Mu mun san ba haka ba ne. Ranar da aka kora shanun nan suka fita Fakku gari na kallo, an gama. Za a ci gaba da gaisawa a wurin jana'iza, shi ke nan.

"In ka raba su, da wane ido za ka sake shiga garin nan?" in ji mahaifiyata.

"Na gama magana."

Ranar Talata ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini ƙullin maganin hawan jini. "Na Goggonki ne, matar Baffa. Na san ya kusa ƙarewa. Ki kai mata." Ta riƙe hannuna ta ɗan matsa. "Ki buɗe idonki, ba littafin waƙoƙinki ba."

Na shiga motar haya zuwa Kebbe, daga nan na hau babur. Duk tsawon hanyar ina tsara jawabin da zan yi wa Baffa, mai gabatarwa da kammalawa, har da inda zan dakata in share hawaye. Kafin mu isa, ramukan hanya sun zubar da shi kaf.

Na tarar Baffa ya fita da shanu. Goggo ta karɓi maganin, ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Baffanki kwana ukku ba shi cin tuwo. Kullum da safe sai shi tsaya cikin garke shina kallon na ubanki ɗaya-ɗaya." Ta aike ni zaure in ɗauko mata tabarma. Ina ɗaga tabarmar daga inda aka jingine ta, sai na ji warin fetur. A gidan da ko babur babu. Na bi warin da hanci har zuwa wata kafa a saman bango, inda ake soke lauje. Na sa hannu na zaro.

Totuwar masara ce. An feƙe ta da wuƙa ta yi tsini, an naɗe ta da yankin farin ƙyalle, an ɗaure da zare. Tsinin ya ragargaje, ƙyallen ya yage a wurin, gindin kuma ya baje alamar an doke shi da wani abu.

Na zauna a ƙasa. Gaskiya na zo Fakku ne da tabbacin zan wanke Baffa, in gano wani baƙo ne cikin 'yan suna, ko makaniken ne ya yi kuskure. Ga shi na riƙe hujjar a hannuna. Mutumin da yake ajiye mini ƙwan zabi tun ina rarrafe. Na yi niyyar in mayar da ita inda na gan ta in koma gida in ce ban ga komai ba. Abin da ya hana ni, ban iya ƙarya ba, mahaifiyata daga tafiyata take gane ni.

Da ya dawo bayan la'asar ya yi alwala ya yi salla, na kai masa fura. Na ajiye ƙwaryar, na ajiye totuwar kusa da ita a kan tabarma.

Ya dube ta, ya kau da kai wajen bango. "Uwata, ke da tone-tone. Wa yac ce ki taɓa man kaya?"

"Baffa, makanike ya ce an cusa wa motar Baba abu a bakin tanki, shi ya lalata ta. Saboda haka ne Baba zai raba shanu."

Ya juyo da sauri. Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta canza haka ba.

"Mi kic ce? Shi yal lalata ta?"

"Ɓarɓashin totuwa aka samu a ciki. Da zare."

"Inna lillahi." Ya ɗauki totuwar. "Ni na aza maganad da nif faɗa mai ta, ta saniyar Inna. Na aza ita ta yar riƙe ni da ita."

"To me ya kai ta can, Baffa?"

Ya ajiye totuwar. Sannan ya fara, yana kallon ƙasa.

"Ke ta nig gani kina gwada ma 'yan'uwanki. Kin taɓa ƙofar ta buɗe, nig ga rami baƙi, ba marfi. Nic ce ma raina, yaron ga an cuce shi. An saida mai mota ba marfi, kunya ta hana shi faɗi don kar in yi mai dariya. Da nit tashi sallar asuba nig ga hadari ya haɗo. Uwata, ko tulun ruwa ba a bari baki buɗe, ko kwalbar man shanu sai an toshe ta da totuwa. Balle abin da anka saida jikar saniyar Inna anka saye, in zauna ina kallo ruwa shi cika shi? Nif feƙe ta, nin naɗe. Da taƙ ƙi shiga, nis sa ƙotar fartanya nib buga har tas shiga."

"Amma da za mu tafi ba mu gan ta ba."

"Na cire. Kuna ciki kuna bankwana da mata."

"Don me?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "In bari shi gani? Shi ce ashe na damu da motatai?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na yi masa bayanin faifan da ke ciki, bayanin da na yi wa rabin Tambuwal da duk matan Fakku na tsallake shi kaɗai. Na ce masa laifina ne, da na kira shi ranar nan da duk wannan bai faru ba. Bai ma ji ni ba.

"Ke nan ni nil lalata mai ita da hannuna," ya ce a hankali. "Kak ki faɗa mai. Shi zo shi kwashi shanunai. Gara hakanan da shi san yayanai wawa na."

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na gyara zama, na gyara mayafi.

"Baffa, sunan wa gare ni?"

"Na Inna."

"To ita ce ke magana. 'Ya'ya biyu na bari a duniya. Ɗaya yana Tambuwal ba ya shan kokonsa, ɗaya yana nan ba ya cin tuwonsa, a kan totuwar masara. Ban yarda ba."

Goggo da ke laɓe a bakin ƙofa ta ce, "Faɗa mai dai, Inna!" Baffa ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa na motsi, ban sani ba ko dariya yake ko kuka, ban kuma leƙa ba. Can ya tura mini totuwar da ɗan yatsa.

"Tafi da ita. Ni ba ni iya faɗi da bakina."

Na ƙulle ta a leda na sa a jakata. Jakar nan ta yi wata tana warin fetur.

Washegari na isa gida, na jira mahaifina ya dawo daga aiki ya ci abinci. Na ajiye masa ita a kan faranti, na ba shi labari tun daga farko, ban rage ko nawa laifin ba. Yana saurare yana jujjuya ta. Ya warware ƙyallen kaɗan ya murza shi tsakanin yatsu.

"Rawaninsa ne," ya ce. "Na Salla. Guda ɗaya gare shi mai kyau."

Sai ya tsaya a kan ƙullin zaren. Ya daɗe yana kallonsa.

"Haka yake ƙulli. Ina aji biyu na taka kwalba a hanyar makaranta. Ya yaga rigarsa ya ɗaure mini ƙafa, ya goya ni har gida. Da muka iso ƙofa sai ya sauke ni ya ce in shiga da ƙafata, in aka tambaya in ce ni na ɗaure da kaina."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Na yunƙura zan bi shi, mahaifiyata ta riƙe mini zane. "Bar shi."

Kafin Asabar an gama gyaran mota. Makaniken ya sa an kawo daga Sakkwato wani matoshi mai makulli da ake yi musamman don irin wannan bakin tanki, makullansa biyu. An aika wa makiyayin Sanyinna da ban haƙuri. Ranar Asabar ɗin mahaifina ya ce in shirya in raka shi.

Na zaci zan ga runguma da hawaye da neman gafara, har na tanadi hankici. Ina! Suka zauna a tabarma ɗaya suka yi hirar gero. Suka yi hirar ciwon kofato da ya shigo yankin, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi ci-rani. Goggo ta kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya, Baffa yana tura wa ƙanensa naman da ke gabansa, shi kuma yana mayar masa. Ba wanda ya ambaci mota, ba wanda ya ambaci raba shanu.

Sai da muka tashi tafiya mahaifina ya ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Baffa ya taso yana jan ƙafa. Mahaifina ya buɗe matoshin, ya ɗauko farin mazurari ya tura a hankali, sabon faifan ya buɗe, ya zare, ya koma ya rufe. Baffa ya sunkuya har gemunsa na taɓa mota.

"Ashe marfin na ciki."

"Yana ciki, Yaya. Ni ma ranar farko cewa na yi an cuce ni."

"Kai ma?"

"Tambayi Uwata."

Mahaifina ya kulle matoshin, ya zare makulli ɗaya daga zobe ya miƙa masa. "Riƙe mini wannan. Ni yawan ɓatar da makulli gare ni."

Mutumin da ko allura bai taɓa ɓatarwa ba. Baffa ya karɓa, ya ciro igiyar fata daga aljihu, ya ɗaura shi kusa da makullin rumbunsa. Da mahaifina ya tayar da mota, sai ya dafa samanta sau biyu da tafin hannu, kamar yadda yake yi wa saniya in za ta fita kiwo, ya ce, "Allah shi tsare hanya."

Idan wata cikinku za ta sayi irin wannan motar, ta gwada ƙofar tankin alhali motar na kulle. In ta buɗe, ta nemi matoshi mai makulli tun kafin ta yi tafiya, kuma kada ta bari kowa ya zungura mata komai a wurin. Makaniken bai yi ƙarya ba, abin da yake buɗe ga kowa yana buɗe ga mugu. Mu dai Allah ya sa ba mugu ne ya zo mana ba, amma ɓarnar ɗaya ce, kuma da an samu makulli tun farko da ba mu zauna muna zargin jininmu ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne yadda muka yi saurin yarda. Mun ji baƙar maganar Baffa da kunnuwanmu, don a fili ya yi ta. Alherinsa kuwa da asuba ya yi shi, ya ɓoye a saman bango. Mutanenmu da yawa haka suke, musamman dattawa, faɗa ba ya ba su kunya, tausayi ne ke ba su kunya. Yanzu da nake koyarwa, in na ga ɗalibar da ta zauna nesa ta sunkuyar da kai kamar ba ta damu ba, wurinta nake fara zuwa da bayani.

Bara na je Fakku hutu, na bi Baffa garke da safe. Shanun sun ƙaru, maruƙa na ta tsalle cikin raɓa. Na ce ya nuna mini na mahaifina. Ya ɗaga sanda kamar zai nuna, ya riƙe ta a sama, sannan ya sauke.

"Uwata, tsufa ya kama ni. Na mance."

Da na dawo Tambuwal na faɗa wa mahaifina, na ce ko zai je ya tuna masa. Bai ko ɗago daga jaridarsa ba.

"Ni da ban taɓa sani ba," ya ce.